Kafin Mai Ciki Ta Dangwala Yatsa

Ranar awo ce, mata sun cika benci, kowa da katinta a hannu. Sai ga ma'aikaciya da takarda: "Hajiya, muna bincike kan zubar jini bayan haihuwa, za ki shiga?" Da yawa za su ce to, don kunya, ko don tsoron kada a ƙi duba su. Wannan "to" ɗin ba amincewa ba ce.

Kanawa sun san abin nan a jikinsu. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara kusan 200 a nan Kano, 11 suka rasu, iyaye kuma suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin jiha kan dala miliyan 75. Tun 2007 Najeriya ke da kundin ƙa'idojin binciken lafiya, kuma ba a sa mai ciki ko jariri cikin bincike sai kwamitin ɗa'a, wato masu kare haƙƙin waɗanda ake binciken da su, ya amince da tsarin binciken.

To, yaya ake neman yardar? A keɓe da ita, ba a gaban layi ba. A karanta mata da Hausa: jini nawa za a ɗiba, sau nawa za ta dawo, wace illa ke iya biyowa, wa zai biya idan ta faru. A faɗa mata ƙarara cewa ko ta ƙi, awonta da haihuwarta ba za su canja ba, kuma tana iya janyewa ko gobe. Sannan a ce ta maimaita da bakinta. Nan ne ake gane wadda ta ɗauka magani kyauta aka zo rabawa.

Idan ba ta karatu, sai ta dangwala yatsa a gaban shaida wanda ba ya cikin masu binciken, ta tafi da kwafinta. Ta ce sai ta shawarci maigida? A ba ta lokaci, hakan daidai ne. Amma sa hannunsa ba ya maye gurbin nata.

Babban kuskure shi ne a jira naƙuda. Macen da ciwo ya murɗe za ta dangwala wa kowace takarda. Shi ya sa ko jinin cibiyar jariri ake so, tun a wajen awo ake neman izini, sannan a sake tambayarta bayan ta sauka ta huta.