Magangarar Ruwa Tana Da Suna, A Tambayi Masu Gari

Masu sauraro, wani allo ne ya ɓata mini rai a makon nan. Na gan shi a bakin wata magangarar ruwa, gefen wani ƙaramin gari. An rubuta shekarar da wani baƙo ya "gano" wurin, da sunan da ya laƙaba masa. Mutanen da kakanninsu suka sha ruwan nan, suka yi su a cikinsa, ko kalma ɗaya ba a ce a kansu ba. Masu yawon buɗe ido kuwa sai su sauko daga mota, su ɗau hoto, su yar da leda, su wuce. Ba wanda ya gai da dattijon da ke zaune a gindin bishiya, balle ya tambaye shi sunan ruwan.

Haba jama'a! Wa ya gano wa? A 1855 wani Bature, David Livingstone, ya isa babbar magangarar kogin Zambezi da ke kudancin Afirka, ya raɗa mata sunan Sarauniya Victoria. Alhali mutanen wurin sun daɗe suna kiranta Mosi-oa-Tunya, wato hayaƙin da ke tsawa. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da irin wannan ruwa, ya ji rugugin, feshin ya jiƙa masa riga, ya san wane suna ne ya dace.

Wasu za su ce ai shaƙatawa muka je, ba makaranta ba. Wannan ba hujja ba ce. Tambayar dattijo minti nawa za ta ci?

Kuma kada mu ɗauka ruwan zai jira mu. A Jinja ta Uganda, inda kogin Nilu ke fita daga tafkin Victoria, a da akwai magangarar da wani Bature, John Speke, ya kira Ripon a 1862. Da aka kammala madatsar Owen a 1954, ruwa ya shanye ta. Magangarun Guaíra, a iyakar Brazil da Paraguay, haka suka nutse a 1982 saboda madatsar Itaipu. Lantarki abin buƙata ne, ban musa ba. Amma idan dutsen ya nutse, me ya rage in ban da abin da ke bakin mutanen gari? In ba a tambaye su ba, su ma su tafi da shi.

Don haka nake kira ga hukumomin yawon buɗe ido: ku rubuta sunan asali a kan allo, ku ɗauki 'yan gari su zama ja-gora, ku naɗi muryar tsofaffi tun suna da rai. Ku kuma masu ziyara, ku yi sallama, ku tambaya.

Ni dai na zauna da dattijon nan. Ya faɗa mini sunan ruwan da harshensu, ya nuna mini inda ake hana yara shiga idan damina ta yi nisa. Babu ko ɗaya daga ciki a kan allon.