Amsoshin Tambayoyinku: Kayan Ɗaki da Kuɗi Kaɗan

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Wasiƙun wannan mako kusan duk a kan kayan ɗaki suka taru.

Ta farko daga wata baiwar Allah ce a Gusau. Ta ce kujerun aurenta sun lotsa, yadinsu ya yage, ga yara suna tsalle a kai, maigida kuma ya ce babu halin sababbi. Tana tambaya: ta sayar wa dillaliya ta cika kuɗi ta sayi wasu, ko yaya za ta yi?

To Hajiya, kada ki yi gaggawar kiran dillaliya. Ki sa a kifa kujerar, a ɓanɓare ƙyallen da ke ƙarƙashinta, ki dubi katakon da idonki. In katako ne na gaske, irin madaci, kuma kin soka masa kusa ba ki ga gari yana zuba ba, to gara ba ta ci shi ba, kujerarki da sauranta. Soso da yadi ne suka mutu, su kuwa kafinta zai canza miki a kan abin da bai kai kuɗin sababbi ba. Amma ki sayi soson da kanki. Ki ɗaga shi ki ji nauyinsa, domin mai nauyi shi ke jure zama. Mara nauyi kuwa kafin shekara ta zagayo ya kwanta. Yadi ki zaɓi mai kauri, mai duhu, mai zane a jiki. Fari da ruwan madara ba na gidan yara ba ne, hannun manja ɗaya ya gama da su. Sannan ki ba kafinta kafin alƙalami kawai, cikon sai ya kawo aiki. Kafintoci masu saurarenmu ku yi haƙuri, kun san halin wasunku in kuɗi ya shiga aljihu.

Dalilin da ya sa na ce ki riƙe tsohuwar shi ne, yawancin gadaje da sif masu ƙyalli da ake jerawa a bakin titi yanzu da MDF ake yin su, wato garin katako da aka cakuɗa da gam aka matse. A ido gwanin sha'awa, amma ruwa ne ajalinsa. Ana goge ɗaki yana tsotsa ta ƙafa, sai ya kumbura ya fara ɓarewa, kuma in aka kwance shi aka sake ɗaurawa ba ya riƙe kusa kamar da. Wanda ya riga ya saya, ya sa masa ƙafar roba ko ta ƙarfe, ya ɗan janye shi daga bango da damina.

Wasiƙa ta biyu daga wani malamin makaranta ce a Kano, mai zaman haya a ciki da falo. Ya ce falon ya ƙuntata, in baƙi sun zo har a rasa wurin shimfiɗa sallaya.

Malam, saitin kujeru ba wajibi ba ne. Doguwa ɗaya ta isa saboda dattijai masu ciwon gwiwa. Sauran wurin ka shimfiɗa leda, ka ɗora darduma, ka jera tum-tum a jikin bango. Kana Kano, ai gida kake: Kasuwar Kurmi akwai dukawa da ke sayar da tum-tum na fata, kuma wanda ba a cusa ba ya fi sauƙi, ka cika shi da tsofaffin tufafin gida. Yadin labule kuma Kantin Kwari, ka sayo ka kai wa tela, ya fi ɗinkakke araha. Gado ka sa a yi maka mai aljihu a ƙasa, ya haɗiye zannuwa da kayan sanyin yara. Takalma da littattafai su hau kanta a bango.

Wata uwa daga Maraɗi ta ce 'yarta za ta tare bayan Babbar Salla, dangi kuma sun ce sai an yi jere irin na 'yar maƙwabta.

Baba, Allah Ya sanya alheri. In kuɗin adashin ba zai kai ko'ina ba, ki fara da katifa mai kyau, sai gado, sai tukwane da abin da za a ci abinci. Kwanukan da ake jerawa a sif shekara goma ba a taɓa zuba musu miya ba, su jira. Faifai masu launi da ƙwarya mai zane, in an rataye su da tsari, sun ishi bango ado. Bashin da aka ci don jere kuwa, 'yan kallo sun watse da yamma, ke za a bi.

Sai wani daga Jos da ke tambaya kan sayen kayan ɗaki na hannu, wato waɗanda aka riga aka yi amfani da su. Babu laifi, amma ka je da tocila ka haska ɗinki da lungunan katako. In ka ga ɗigo-ɗigo baƙaƙe, kashin kuɗin cizo ne, ka bar shi ko kyauta aka ba ka. Katifa kuwa, ban ba ka shawarar ta hannu ba sam.

Mai tambaya kan fenti, ka bari damina ta wuce bango ya bushe, ka kankare inda ya ɓare, sannan ka shafa launi mai haske. Na mai ya fi dacewa daga ƙasa zuwa tsayin yara, domin yana goguwa da tsumma.

Lokaci ya ƙure mana. Tambayar da ta zo kan maganin gara sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu. A huta lafiya.