Kafin Ka Sa Katinka a Injin Makka

[Hoto: ranar kasuwa, rumfar mai POS, mutane a tsaye]

Assalamu alaikum jama'a. Ku dubi wannan rumfar. Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Gujungu ko ta Maigatari ya san irinta. Ka miƙa kati, ka ce a ba ka dubu goma, yaro ya ce maka caji ɗari biyu ne. In ka ga da tsada ka matsa rumfar gaba. Ko ba komai, shi mai POS a gaban idonka yake yankar nasa, kuma ya faɗa maka tun kafin ya danna.

To yau maganarmu a kan ranar da wannan katin naka zai zama baƙo ne. Ka sauka Jidda ko Madina, guzurin hannu ya fara ja baya, ka tsaya gaban injin cirar kuɗi. A can ba mutum ɗaya ne ke yanka ba. Hannaye ne har huɗu: canjin bankinka da cajinsa na cira, sai cajin mai inji da nasa canjin, kuma wasunsu ba za ka san sun taɓa ka ba sai ka dawo gida ka zauna lissafi. Kawuna ne ya ja na yi wannan bidiyon. Bara da ya dawo Umara ya kira ni zaure, ya miƙo min wayarsa ya ce, "Kai ɗan nan, duba min, ni dai riyal ɗari-ɗari nake cira, amma kuɗin kamar ana tsotsa." Na duba. Babu ɓarawo ko ɗaya a ciki. Duk abin da aka cire masa, shi ya danna ya amince.

[Hoto: hannu riƙe da katunan banki]

Mu fara daga gida, don ba a fafe gora ranar tafiya. Ɗauko katinka ka duba alamar da ke jikinsa. In ka ga Visa ko Mastercard, to hanya ta fara buɗewa, don injinan bankunan Saudiyya irin su Al Rajhi da Al Ahli da Riyad Bank sun san waɗannan biyun. In kuwa Verve ka gani, wannan katin gida ne aka fi saninsa da shi, kada ka jingina tafiyarka a kansa. Sannan ka duba wata da shekarar da katin zai daina aiki, suna nan rubuce a jikinsa. Abin haushi ne mutum ya je har Makka ya tarar katinsa ya mutu tun watan jiya.

Alamar kaɗai ba ta wadatar ba. A shekarar 2022 bankunan Najeriya da dama sun rufe amfani da katin naira a ƙasar waje saboda ƙarancin dala. Sai a tsakiyar 2025 wasu suka fara sake buɗewa, kowane banki da iyakar da ya sa. Saboda haka maganar "wane ya je da nasa ya yi aiki" ba hujja ba ce. Ka shiga mota ka je reshen bankinka, ko Gumel ne, ko Haɗeja, ko Dutse, ka zauna gaban ma'aikaci ka tambaye shi baki da baki. Katin nan yana aiki a Saudiyya? Yana cira a inji, ko sayayya kawai yake yi? Wannan tambayar ta biyu kada ka tsallake ta, don akwai katin da zai biya maka kuɗin kaya a kanti amma ya ƙi fitar da ko riyal ɗaya a inji. Nawa ne iyakata a rana, nawa a wata? Nawa kuke cirewa duk sanda na ciri kuɗi a waje? Ka sa ya rubuta maka a takarda. Kuɗin motar da ka kashe zuwa garin bai kai rabin abin da wannan takardar za ta tsare maka ba.

[Hoto: allo, ana rubuta lissafi da alli]

Yanzu ga wani lissafi da nake so kowane maniyyaci ya haddace kamar lambar wayarsa. Tun 1986 Saudiyya ta ɗaure riyal a jikin dalar Amurka. Dala ɗaya riyal 3.75 ce, ba ta hawa ba ta sauka. Wato dala 100 riyal 375. Dala 200 riyal 750. Naira kuwa, tun da aka sake ta a watan Yunin 2023, kullum da farashinta, kowa shaida ne.

Me wannan yake nufi ga mai kati? In katin naira ne a hannunka, riyal ɗin da ka cira sai an juya shi zuwa dala, sannan bankinka ya juya dalar zuwa naira a farashin da shi ya sa. Ba farashin da ka ji a rediyo ba, ba kuma na 'yan canjin Wapa ba, nasa na kansa, kuma a cikinsa ya riga ya ɗora ribarsa. Wannan shi ne hannun da ba a gani kwata-kwata, don babu alat da zai shigo ya ce maka an cire kaza kuɗin canji. Yana narke a cikin farashin.

In kuwa kana da asusun dala da katinsa, to juyi ɗaya za a yi, daga riyal zuwa dala, kuma ka riga ka san ma'aunin. Banki yana iya ɗora ɗan kaso a kai, amma da kanka za ka iya gane ko nawa ne. Ni a ganina, mai zuwa Umara duk shekara ko ɗan kasuwar da ke sarin kaya a Jidda ko Dubai, ya kamata ya buɗe wannan asusun. Amma Inna da za ta sauke farali sau ɗaya a rayuwarta, ba sai an wahalar da ita da zirga-zirgar takardu ba. Guzurinta na hannu da kati ɗaya na ko-ta-kwana sun ishe ta.

[Hoto: fuskar injin cirar kuɗi]

To ga ka a gaban injin. A nan ne kawu ya sha kashi, ta fuska biyu.

Ta farko, yawan cira. Bankuna da yawa kuɗin da suke cirewa a kan cira ɗaya tsayayye ne, ko kaɗan ka cira ko da yawa. Mu ƙaddara, a matsayin misali kawai, dala 3 ne. Dala 3 ta haura riyal 11. In ka ciri riyal 100 sau goma, ka biya sama da riyal 110 a caji kaɗai, wato cira guda cur ta tafi a banza. In ka ciri riyal 1,000 a tashi ɗaya, riyal 11 da 'yan kai ka biya. Kuɗi ɗaya, buƙata ɗaya. Shi kawu tsoron 'yan sane ne ya sa yake cira kaɗan-kaɗan, kuma ba za a ce bai da gaskiya ba, cunkoson Harami ba wasa ba ne. Amma maganin wannan shi ne ka ciri mai kauri lokacin da za ka koma masauki, ka adana, kullum ka fito da na kashewar ranar. Da yayyafi kogi kan cika, da shi kuma aljihu kan ƙare.

Wani injin shi ma yana da nasa cajin daban da na bankinka. Wannan yawanci yakan nuna maka a fuskarsa kafin ya ba da kuɗin. In ka ga ya yi yawa, danna soke, karɓi katinka, nemi injin wani bankin. Ba dole. Kuma ka fi son injin da ke jikin reshen banki a kan wanda aka ajiye shi kaɗai a harabar otal ko lungun kanti, don ko katin ya maƙale akwai wanda za ka yi wa magana. Duba ragowar kuɗi a inji ma wasu bankunan suna caji a kansa idan a waje kake, don haka ka duba a wayarka.

Ta biyu ita ce babba, ku ba ni hankalinku. Bayan ka sa lambar sirri ka zaɓi adadi, wani injin zai yi maka tambaya mai kama da taimako. Zai ce, a lissafa maka da riyal, ko a juya maka zuwa kuɗin da ka sani? Sai ya nuna maka adadi da dala, a rubuce tsaf, har zuciyarka ta kwanta tunda ka ga lambar da ka gane. Masu harkar banki suna kiran wannan DCC. Ma'anarsa, mai injin ne zai yi maka canjin da farashinsa, maimakon ya bar wa Visa ko Mastercard da bankinka. Kamar ka sauka a tasha ne wani ya tare ka da fara'a ya ce, "Alhaji kawo in canza maka, ka huta da shiga gari." Hutun nan ba kyauta ba ne.

Ga yadda za ka kama shi. Ka nemi riyal 750. Ka riga ka san dala 200 ke nan. In injin ya nuna maka dala 210, to dala goman nan ta sama ladan tambayar ce, riyal 37 da rabi, kuɗin cin abinci mai kyau. Kuma biyan wannan ba zai hana bankinka cire nasa cajin cirar ba. Amsar kullum ɗaya ce: riyal. A fuskar injin haruffa uku za ka nema, SAR. Inda ka ga SAR nan za ka danna, inda ka ga USD, wato dala, ka kauce masa. In ba ka karanta boko, ka sa jikanka ya rubuta maka haruffan nan uku manya a bayan takardar da ma'aikacin banki ya ba ka. Wannan tambayar tana iya fitowa har a na'urar mai kanti in za ka biya kuɗin dabino ko darduma. Nan ma ka ce masa riyal.

[Hoto: kanti, ana ɗora kati a kan na'ura]

Tunda mun zo kan kanti, ga hanya mafi sauƙi ta kauce wa cajin inji: kada ka je injin. Saudiyya ta yi nisa wajen biya da kati. Manyan kantuna irin su Bin Dawood, da kantin magani, da gidajen abinci da yawa, ɗora kati kawai ake yi. Tsarabar da ke da nauyi ka biya ta haka, kuɗin canji kaɗai zai hau kanka, babu na cira. Takardar kuɗi ka bar ta ga mai tasi, da mai aski, da masu kasa kaya a bakin titi, da sadaka.

Wannan ƙa'idar ta zaɓar kuɗin ƙasar da kake tsaye a cikinta ba ta Makka kaɗai ba ce. Fataken da ke tsallakawa Damagaram ko Maraɗi, in inji ya tambaye ku, sefa za ku zaɓa. Yaranmu da ke aiki Ingila ko Saudiyya in sun zo hutun Sallah da katin can, suka tsaya a injin Kano, naira za su zaɓa. Su ma sai sun lura, don injinanmu ba sa ba da kuɗi mai yawa a cira ɗaya, caji kuwa yana maimaituwa duk sanda aka sa kati.

Mai katin bashi kuma, irin wanda banki ke ranta maka ka biya daga baya, ya nisanci cirar tsabar kuɗi da shi. Kuɗin ruwa yakan fara hawa tun daga ranar da ka cira. Ka je neman lada, kada ka dawo da wannan.

[Hoto: dattijo zaune a zaure, jaka a gefensa]

Saura maganar da ta fi kowane caji tsada. Baƙo ko da ido makaho ne, kuma masu cuta sun san da haka. A gaban inji za ka iya haɗuwa da mai jin Hausa garau, ya ce, "Baba kawo in taya ka." Wataƙila mutumin kirki ne, wataƙila kuma ya miƙo maka wani katin ya tafi da naka bayan ya ga lambarka. In kana buƙatar taimako, tun daga masauki ka fito da ɗan garinku da ka sani, ko jami'in hukumar alhazai ta jiharku. Lambar sirri kuwa kai za ka danna da hannunka, ɗaya hannun yana rufe. Kada ka rubuta ta a jikin katin, na ga masu yin haka da idona. In ka danna ba daidai ba sau biyu, tsaya haka nan, ka je ka nutsu ka tuno, don na uku yakan sa a rufe katin, kuma buɗe shi daga Makka aiki ne ja.

Layin wayarka na gida, wanda alat ke shigowa ta kansa, kada ka bar shi a aljihun wata rigar. Ka tambayi kamfanin layin tun kana nan yadda saƙo zai riƙa iso maka a can. Da shi za ka san abin da aka cire nan take. In inji ya ci kuɗi bai fitar ba, ka riƙe rasit, ka ɗauki hoton injin da lambar da ke jikinsa, ka lura da rana da lokaci. Bankinka na gida za ka kai wa ƙara, shi zai bi maka sawu.

Kawu dai bana ma ya yi niyya. Makon jiya na raka shi banki, muka fito da takardarmu: iyakar cira, caji, da lambar da zai kira in kati ya ɓata. A bayanta na rubuta masa SAR da babban baƙi, a ƙasa kuma dala 100 riyal 375. Ya ninke ta ya sa a cikin fasfo.