Mai Bashi Ya Karkatar Da Dukiyarsa Kafin Ya Karye: Me Kotu Ke Yi A Nijar?

A ce ɗan kasuwa ne a Maraɗi, bashi ya yi masa katutu. Da ya ga alamar ba makawa, sai ya rubuta wa ƙaninsa gida da sunan kyauta, ya sayar wa surukinsa babbar mota ta sefa miliyan 30 a kan miliyan 8. Masu bin sa bashi suka zo, suka tarar da sito wayam. To, shi ke nan sun yi asara?

A'a. Nijar na cikin ƙasashe 17 na ƙungiyar OHADA mai daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, tare da Chadi da Kamaru, kuma dokarsu ta karayar 'yan kasuwa, wadda aka yi a 1998 aka sabunta a 2015, ta toshe wannan kafa. Nijeriya ba ta ciki, amma Bakanon da ke bin bashi a Maraɗi, wannan doka ce za ta yi aiki a kansa.

Komai ya rataya ne a kan rana guda: ranar da mutumin ya kasa biyan basussukan da wa'adinsu ya cika da abin da ke hannunsa. Kotu ce ke tsayar da ita, kuma tana iya komawa baya har wata 18 kafin hukuncin buɗe shari'ar, ba ta wuce haka. Tsakanin ranar nan da ranar hukunci, duk abin da ya yi abin zargi ne.

Akwai waɗanda alƙali ba shi da zaɓi a kansu, dole ya ƙi amincewa da su. Kyautar gida ko fili ko mota. Cinikin da abin da ya bayar ya fi abin da ya karɓa nesa ba kusa ba. Biyan bashin da lokacinsa bai yi ba. Ba wa tsohon mai bin bashi sabuwar jingina don ya sha gaban sauran. A nan ba a tambayar ko wanda ya amfana ya san halin da ake ciki.

Rukuni na biyu ya fi wuya. Ciniki a kan farashin kasuwa, ko biyan bashin da wa'adinsa ya cika, sai an tabbatar cewa ɗaya ɓangaren ya san mutumin ya riga ya gaza, kuma masu bin bashi sun cutu. Nan ne ƙararraki ke iya faɗuwa, domin raɗe-raɗin kasuwa ba hujja ba ne. Takarda ta fi ƙarfi: cakin da banki ya mayar, wasiƙar neman a ɗaga masa ƙafa. Kyautar da aka yi cikin wata 6 kafin lokacin zargin ma tana cikin wannan rukuni.

Idan aka ci shari'a, ƙanin zai dawo da gidan. Wanda aka biya kuwa ya maido kuɗin, ya shiga layi kamar kowa.

Sai dai ku lura, mai bin bashi ba ya shigar da wannan ƙara da kansa. Wakilin da kotu ta naɗa kan dukiyar ne kaɗai ke da ikon yi, kuma da zarar an ajiye tabbataccen jerin basussuka a kotu, ƙofar ta rufe. Duk hujjar da ke hannunku, ku kai masa tun kafin lokacin.