Jirgin jet na rimot a Garwa: yau za mu tayar da injin

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Daga Garwa nake magana da ku, arewacin Kamaru, a bayan garejinmu da ke kusa da unguwar Hausare. Mutanen gida, na Yola da na Kano, ina gaisuwa. Wanda bai san ni ba, sana'ata gyaran turbo da famfon gas na manyan motoci, mafi yawa masu jigilar auduga, don nan garin ne hedkwatar kamfanin auduga na Sodecoton. Wannan da kuke gani a kan benci kuwa aikin bayan la'asar ne.

Auta, ja baya kaɗan su gan shi gaba ɗaya. Fiffike zuwa fiffike ya kusa mita 2, nauyinsa babu mai kilo 10 da ɗoriya. Ƙashin cikinsa filawud ne mai sirara, fukafukan soso ne mai tauri da na yanka da waya mai zafi, sannan na lulluɓe da faiba da gam ɗin efoksi. Masu yin wannan abu a Turai katakon balsa suke amfani da shi, mu nan babu shi a kasuwa, to da abin da ke hannu aka yi. Fenti ban yi ba tukuna, kuma ba na gaggawarsa, don fenti ba ya tashi da jirgi, nauyi kawai yake ƙarawa.

Tambayar da ta fi yawa ita ce, wai ni na ƙera injin? A'a, saye na yi. Masu yin irinsa sanannu ne: JetCat a Jamus, KingTech a Taiwan, Xicoy a Sifen. Mai ƙarfin turawa na kilo 10 irin wannan, kuɗinsa ya haura sefa miliyan 1 tun kafin a yi maganar kuɗin kawowa da na kwastan. Amma matso da kyamara nan bakinsa, Auta, ku ga wani abu. Kun ga wannan farar farfelar ta alminiyam? Duk bakaniken da ya taɓa buɗe turbo na mota zai gane ta, kuma ba a banza ba. Wani Bajamushe, Kurt Schreckling, yana cikin waɗanda suka fara haɗa ƙaramin injin jet a gida a ƙarshen shekarun 1980, har farfelar gaban injinsa da filawud ya yi ta, ya naɗe ta da zaren kabon. Daga baya shi da Jesús Artés na Sifen suka fitar da KJ-66, wanda suka ɗauko masa farfela daga turbo na mota. Yawancin waɗanda ake sayarwa yau zuriyarsa ne.

Yadda yake aiki ba wuya. Farfelar gaba ta zuƙo iska ta matse ta, iskar ta shiga ɗakin wuta ta haɗu da kananzir, wutar ta kumbura ta fita ta baya da ƙarfi. A hanyar fitarta sai ta juya wata farfelar ta ƙarfen Inconel mai jure zafi, ita kuma sanda ɗaya ce ta haɗa ta da ta gaban. Shi ke nan. Babu fistin, babu bawul, babu giya. Jirgin jet na farko da ya tashi a duniya, Heinkel He 178 a 1939, wannan dabarar ce a cikinsa. Bambancin namu shi ne ƙanƙanta, kuma saboda ƙanƙantar dole ya yi gudun da hankali ba ya ɗauka: a silo kaɗai, wato yana kunne ba a taka shi ba, yana juyi sama da 30,000 a minti, in aka buɗe masa wuta ya haura 100,000 nesa ba kusa ba.

To ga inda nake so mu daɗe. Mutane idonsu na kan injin, alhali injin an gama masa komai daga kamfani, har da 'yar kwamfutarsa da ke lura da zafi da juyi da famfon mai. Aikin mai haɗa jirgi, musamman a ƙasa irin tamu, shi ne abin da zai ba injin ya sha da iskar da zai shaƙa.

Mu fara da mai. Kananzir yake sha, ko man jirgi Jet A-1, wasu injinan ma suna karɓar gas. Ana zuba masa man shafawa na injin jet kashi 5 cikin 100, wato lita 1 a jarkar lita 20, domin boris ɗinsa guda 2 da wannan haɗin suke samun maiƙo, babu wani tankin baƙin mai daban. Fetur kuwa haramun ne a gare shi. Wani ya ce mini in gwada zuwa-zuwa tunda ya fi araha, wato fetur ɗin nan na kwalba da ake shigowa da shi daga Najeriya. Don Allah kada wanda ya kuskura, ba injin kaɗai zai tafi ba, har da girar mutum. Shi kansa kananzirin sai an yi hattara. Ku dubi gindin wannan kwalbar da na sayo a bakin titi, ɗaga ta sama Auta, haske ya ratsa. Kun ga wannan layin da ya kwanta a ƙasa? Ruwa ne, ga kuma ɗan baƙin gari yana yawo. Fitila za ta ci wannan ba ta ce komai ba, amma allurorin da ke fesa mai a cikin injin nan sun yi sirantar da wannan garin zai toshe su. Don haka nake barin mai ya kwana ya kwanta, in tace shi wajen zubawa a jarka, in sake tacewa wajen shiga jirgi, ga kuma abin tace mai na uku tsakanin famfo da injin.

Sai wannan ɗan ƙaramin tankin da ke gaban babban. Kada ƙanƙantarsa ta ruɗe ku, shi ne tarkon kumfa. Jirgi in ya kifa ko ya yi kwana, man babban tanki yana kaɗawa, tiyo ya zuƙi iska. Kumfa ɗaya in ta isa ɗakin wuta, wutar ta mutu kamar an hure fitila, kuma a sama babu mai kunna maka ita cikin lokaci. Shi wannan ɗan tankin kullum cike yake, iskar ta taru a samansa, famfo ya ja zallan mai daga tsakiya. Duk mahaɗar tiyo da ke tsakaninsa da famfo na ɗaure ta da waya zagaye biyu, saboda ta wannan ɓangaren mai ba ya ɗiga ka gani, iska ce take shiga a ɓoye. Babban tankin lita 3 ne, kuma injin irin wannan yana shan kusan sulusin lita a minti in an taka shi sosai. Ku yi lissafi da kanku. Minti 6 zuwa 7 a sama, ka sauko da saura a tanki.

Iska kuma fa? A nan ne Garwa take nuna halinta. Wannan ragar da na sa a bakin injin tana tare tsakuwa da ciyawa da ƙusa, amma ba ta tare ƙurar hunturu. Daga Disamba zuwa Fabrairu, ranar da hazo ya sauko har ba ka ganin ƙetaren Binuwai daga kan gada, ni ba na tayar da shi. Ƙurar tana cin bakin farfela, tana shiga boris, ga shi kamfanonin da kansu sun ce a mayar da injin a duba boris bayan aikin awa 25. Mu da mayarwar take nufin kaya ya bi ta Duwala ya tsallaka teku ya dawo, ai ba ma ƙara wa kanmu aiki ba.

Hunturu ya wuce, sai bazara. Ƙarfin da aka rubuta a kwali an auna shi ne a sanyin digiri 15 daidai da gaɓar teku. A Maris da Afrilu nan zafi yana haura 40. Iska mai digiri 42 ta fi ta digiri 15 sakayau da kusan kashi 9 cikin 100, wato injin ya rage ƙarfi, fiffike ma ya rage ɗauka, jirgi ya buƙaci doguwar hanya kafin ya ɗaga, ya kuma sauko da gudu. Shi ya sa duk giram ɗin da zan iya cirewa a jikin nan na cire shi, kuma tashi in Allah ya yarda da sassafe za a yi.

Ga Baba Alhaji mai garejin ya fito. Sannu da fitowa, Baba.

"Yauwa ɗana. Wannan abin naka dai ba zai ƙone mini rumfa ba ko?"

In sha Allahu a'a, Baba, waje za mu fitar da shi, ga kuma abin kashe gobara a hannu.

"To, ni dai daga nan zan kalla."

Gaskiyarsa. Abin kashe gobarar ma ku lura, mai iskar CO2 ne, ba mai hoda ba, don hodar in ta shiga injin ta gama da shi. Mun fitar da jirgin, hancinsa na fuskantar iska, an ɗaure shi da igiya a jikin turke. Bayansa babu kowa, gefen injin ma babu kowa, saboda in farfela ta fashe ta gefe take watsuwa. Yara, ku koma bayan Baba. Auta, sa abin toshe kunnenka.

Na kunna rimot, na kunna jirgi. Sandar ba da wuta ta jikin rimot sama, sannan ƙasa. Daga nan hannuna ya fita, kwamfutar ce ke aiki. Kun ji wannan 'yar ƙarar? Ƙaramar motar lantarki ce ta kama hancin sandar farfelar injin tana juya ta. Fulogi ya yi ja a ciki, famfo ya fara ɗiga mai. Ga ta nan, fuf, wuta ta kama. Ku dubi allon nan: zafi 200, 350, 500, juyi yana hawa. Motar ta saki, yanzu da kansa yake tafiya. Ya zauna a silo.

Sai na ɗaga murya, ku yi haƙuri. Ku kalli hannuna ku kuma saurari injin. Na tura sanda, ɗaya, biyu, sai yanzu ya amsa. Wannan jinkirin shi ne abin da ke kayar da wanda ya saba da jirgin batir, domin wajen sauka in ka ga ka gaza kai wa fili, ƙarfin da ka nema ba ya zuwa nan take. Ku dubi igiyar yadda ta miƙe, ku dubi ƙasar da ke bayansa yadda ta share. Zafin bututu ya kusa 700, tiyo babu kumfa ko ɗaya. Madalla.

Saura gwajin da ya fi kowanne muhimmanci a wurina. Zan kashe rimot ɗin gaba ɗaya, kamar sadarwa ta yanke yana sama. Na kashe. Kun ji? Ya mutu da kansa. Jirgin da zai iya haura kilomita 250 a awa ɗauke da kananzir, in ya ɓace wa mai shi, gara ya faɗo da injin a kashe. Wannan juyin da kuke ji yana yi yana tsayawa, motar ce take hura masa iska har zafinsa ya sauko wajen 100. Kada a cire batir kafin ta gama.

Masu cewa a tashe shi gobe, ku sassauta. Garwa gari ne mai babban filin jirgi da sansanin sojan sama, ga halin tsaron da ake ciki a can sama wajen Marwa, inda duk abin da ke shawagi babu matuƙi ake masa kallon tuhuma. Takardata ta neman izini tana wajen hukumar sufurin jiragen sama, kuma filin da na gani a bayan gari sai lawanin wurin da jandarmomi sun sani kafin taya ta taɓa shi. Kafin nan akwai aiki: birkin tayoyi bai gama zama ba, shi kuwa jet ko a silo turawa yake yi, babu birki ba ya tsayawa. Sai kuma awon daidaiton nauyi, babban tanki babu mai, ƙaramin a cike. Su za mu yi a bidiyo na gaba. Auta, kwance igiyar, amma kada ka taɓa bututun nan tukuna.