Yau Ta Tashi, Gobe Ta Ƙi: Inda Za Ka Fara Dubawa a Tsohuwar Babbar Mota

Assalamu alaikum direbobi, masu motoci, da yaranmu masu koyon aiki. Daga Suame Magazin nake magana, nan Kumasi. Motar da kuke gani a bayana tsohuwar Benz ce mai ɗaukar doya daga Techiman. Mai ita, wani Alhaji daga Aboabo, ya sayi sabon batir, ya canja sitata, har yanzu wata rana ta tashi da murɗa ɗaya, wata rana sai an tara samari sun tura. Kuɗinsa ya tafi, ciwon yana nan. Abin yana ɓata mini rai, domin duk wanda ya taɓa motar nan ya taɓa ta ne lokacin da take lafiya.

Ciwon da ke zuwa ya tafi, a lokacin da ya zo ake kama shi. Ranar da ta ƙi tashi, kada ka yi saurin kiran masu turi. Kashe rediyo, sauke gilashi, murɗa makulli, ka kasa kunne.

In ka ji "ƙas" sau ɗaya, sannan shiru, wuta ta kai solonayid, wato makunnin da ke jikin sitata mai sakar mata babbar wuta, amma ba ta wuce cikin sitata da ƙarfi ba. In ka ji "ƙas-ƙas-ƙas" da sauri, fitilun dashbod suna dushewa, wutar ce ba ta isa. In ba ka ji komai ba, nemi laifin tun daga makulli, fiyus, rile (ƙaramin makunnin da makulli ke tura wa wuta) da ƙaramar wayar da ke sauka zuwa sitata. In kuwa inji yana juyawa garau amma ya ƙi kamawa, bar zancen wuta, maganar mai ce, za mu zo kanta.

Kafin kowa ya shiga ƙarƙashi, a sa giya a furi, a ja birkin hannu, a sa weji a taya. Yaro, da kai nake.

Manyan motocin nan batir biyu gare su, kowane volt 12, an jera su sun ba da 24. Auna su ɗaya-ɗaya da mita, na'urar auna wuta. Cikakken batir da ya huta yana nuna kusan 12.6. Sai ka bar mita a kai, wani ya murɗa makulli. In ɗaya ya faɗi ƙasa da 9.6, shi ne mai janyo ɗan'uwansa. Kuma ku dubi nan da kyau: wannan siririyar waya da aka ɗaura a kan batir ɗaya, ta rediyo ce da cajar waya. Kullum ana tatsar ɗaya ana barin ɗaya, dole su bambanta. Mai son volt 12 a motar 24 ya sa na'urar rage wuta, ba ta da tsadar batir. In za a canja kuma, a canja biyun tare.

Duk da haka, da muka auna batiran Alhaji, lafiya lau suke. To yanzu ga inda nake so ku zauna da ni.

Waya tana iya kyau a ido, cikinta ya ruɓe. In ka auna ta mota na tsaye, mita zai ce komai daidai, domin ko silin waya biyu suka rage za su nuna maka wuta. Amma sitata ɗaruruwan amfiya, ma'aunin yawan wutar da ke gudana, take ja a lokaci guda. Shi ya sa ake auna waya tana cikin aiki. Ɗora bakin mita ɗaya a kan dalmar kan batir mai alamar ƙari, inda wayar sitata ke fita, ita kanta, ba a kan maƙallin ba. Ɗaya bakin a kan babban notin sitata. A murɗa makulli. Abin da mita ya nuna shi ne wutar da ke ɓacewa a hanya. In ya haura rabin volt, hanyar ba ta da kyau. Haka za ka yi ta ɓangaren at, wato wayar da ke mayar da wuta batir ta jikin ƙarfen mota, daga kan batir mai alamar ragi zuwa jikin sitata.

Ga abin da muka samu. Ku matso da kyamara. Wannan wayar at ce, inda ta kama shasi. Notin yana nan a ɗaure, amma ku ga ƙarƙashinsa, tsatsa ja ce da laka. Na yanka robar wayar, ga koren gari yana zuba a tafin hannuna, jan ƙarfen ya koma baƙi. In mota ta faɗa rami wayar ta motsa, sai ta haɗu, gobe ta tashi. In ta kwana cikin ruwan saman Kumasi, sai ta ƙi. In inji ya yi zafi ma haka, don jan ƙarfe yana ƙara riƙe wuta da zafi. Direban ya ce ta fi yi masa haka in ya tsaya salla a Offinso, ashe dalilin ke nan.

Gyaran ba wuya. Cire kan batir na ragi tukuna. Wanke kawunan da ruwan ɗumi da hodar bekin soda, goge wurin zaman wayar a shasi har ƙarfe ya yi fari, sa sabuwar waya mai kauri irin ta asali, ɗaure, sannan ka shafa giris a kai.

Masta, na san da yawanmu muna buga wa sitata guduma ta tashi. In bugun ya yi aiki, ya gaya maka burushin ciki sun cinye ko bakin solonayid ya ƙone. A sauke ta a gyara. Wasu sitatocin na zamani maganaɗisu ne a ciki, bugu yana fasa shi. Kuma kada a riƙe makulli fiye da daƙiƙa 15, a bar ta ta huce kafin a sake.

Sai mai juyawa ba ta kamawa, musamman da asuba. Yawanci iska ce ke shiga layin dizal, mai ya sulale ya koma tanki cikin dare. Da safe, kafin ka murɗa, danna famfon hannu na janyo dizal. In ka ji shi sakwa-sakwa, ya daɗe kafin ya yi tauri, sannan mota ta tashi nan take, ka gano. Sa tiyo mai nuna ciki kafin filta, za ka ga kumfa na wucewa. Duba washar bakin filta da tsofaffin tiyo masu tsaga. In kuma sai da hunturu take wahala tana fitar da farin hayaƙi, kuma injinta mai hita ne, wato abin ɗumama inji kafin tashi, a auna hitocin.

Mun ɗaura sabuwar at. Yaro, fito daga ƙarƙashi. Direba, bismillah, murɗa. Mita ya nuna 0.2. Da inji yana aiki, batiran suna karɓar 28, altaneta na caji. Alhaji, a bar mana ita ta kwana a waje yau, mu sake murɗawa bayan sallar asuba.