Na fita neman rigar sanyi, na dawo da kaset

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ku yi haƙuri da hasken ɗakin, ko biyar ba ta yi ba amma rana ta faɗi, haka hunturun Shikago yake. Bari in matso da abin nan kusa da kyamara. Kun gane shi? Yaran yanzu za su ce littafi ne. Kaset ne na bidiyo, irin wanda ake aikenmu mu karɓo a shagon haya, a ce mu dawo da shi gobe kafin azahar.

Ɗazu na shiga wani shagon gwanjo neman rigar sanyi ta yaro, sai ga kwali a ƙarƙashin kanta maƙil da kaset, kowanne dala ɗaya. Rigar dai ban samu ba. Uwargida ta tare ni a bakin ƙofa, "Baban Hanif, ina rigar?" Na miƙa mata wannan. Kallon da na sha ba sai na faɗa ba.

Sunan fim ɗin Spaceballs, ya fito a 1987. Mel Brooks ne ya ba da umarni, da shi aka rubuta, kuma ya hau matsayi biyu a ciki. Tsokanar Star Wars ce tun daga farko har ƙarshe, wato camama ce ta Turawa, sai dai an kai ta sararin samaniya. Duk wanda ya taso yana kallon marigayi Ibro zai gane salon nan take: a ɗauko abin da mutane suka ɗauka da girma, a sa masa hular da ta fi ƙarfin kansa.

To nan ma hular ce. Mugun fim ɗin, Dark Helmet, Rick Moranis ne, ɗan guntun mutum cikin baƙar hular kwano kamar tukunyar biki. Zai shigo da izza yana huci, kowa na makyarkyata, sai ya ɗaga murfin hular ka ga ashe numfashi ne ya gagare shi. Mutanen duniyarsu sun ɓarnatar da iskar da suke shaƙa, shi ne suka shirya satar ta maƙwabta. Shugabansu yana rantsuwa a waya babu ƙarancin iska, yana ajiye wayar ya jawo ta gwangwani daga aljihun tebur ya shaƙa. Lambar sirrin da ke tsare iskar maƙwabtan kuwa 1, 2, 3, 4, 5 ce, kuma ashe ita ce a jikin akwatin kayan shugaban.

Wasu barkwancin ba sa tsallake harshe, gaskiya. A Turanci kalmar taje gashi ita ake faɗa idan za a bincike wuri lungu-lungu, shi ya sa da aka ba sojoji umarnin binciken hamada sai ga su suna jan ƙaton mataji a kan rairayi. Sai da na shekara biyu a ƙasar nan na gane abin dariyar. Amma mutum ya sa a taka birkin kumbo yana tsakar gudu, ya tashi sama ya gwara kai da bango, wannan ko kakata ba ta buƙatar tafinta.

Abin da ya sa na ba da dalata kuwa wata fitowa ce guda. Mugayen sun nemi jarumin sun rasa. Sai mataimakin Dark Helmet ya ce a ɗauko kaset ɗin fim ɗin, shi wannan da suke ciki, wai an samu ci gaba, yanzu kaset yana shiga kasuwa tun kafin a gama ɗaukar fim. Aka buɗe kanta, ga finafinan Mel Brooks na baya a jere, aka zaro nasu aka sa. Suka yi ta tura shi gaba, suka wuce inda maigidan, Dark Helmet, ya sha gwaren nan da bango, ya ce kada a kuskura a sake nuna wurin. Can suka iso daidai lokacin da suke tsaye. Ya juya ya kalle mu, na cikin akwatin ma ya juya. Ya ɗaga hannu, wancan ya ɗaga. Aka shiga musu a kan yaushe ne yanzu, kuma ina ɗazu ya tafi.

Brooks yana yi wa 'yan kasuwar kaset shaƙiyanci ne, amma kaset ɗin ne ya rufa masa asiri. A sinima fim ɗin bai yi wani abin a zo a gani ba, kusan dala miliyan 38 ya tara, an kashe masa sama da miliyan 22, masu sharhi kuma suka rabu biyu. Da kaset ya fito a 1988 sai yara suka same shi a gida, suna maimaitawa har suka haddace. Ni a ganina fitowar nan ba ta cika daɗi sai kana kallonta a kaset, rimot a hannunka, kai ma kana iya tura su gaba.

Bayan haka ya fito a DVD a 2000, Blu-ray a 2009, sannan kamfanin Kino Lorber suka fitar da 4K a 2021. Na kalli na Blu-ray, ya fi tsabta nesa ba kusa ba, hoton kuma da faɗinsa, shi kuwa kaset an datse masa gefe da gefe don ya cika tsohuwar talabijin. Mai son aika irin wannan gida ya sani, tsarin hoton kaset ɗin Amurka daban ne, nasu NTSC, namu PAL, in bidiyon ba mai cin kowane iri ba ne wahala kawai za a sha.

Abin da ba za ka tsinta a gwanjo ba shi ne 'yar tsanar Dark Helmet ta wancan lokacin. George Lucas, mai Star Wars, ya yarda a tsokani fim ɗinsa bisa sharaɗin kada a sayar da 'yan tsana. Sai Brooks ya buɗe shago a cikin fim ɗin, ya baje riguna da akwatin abincin 'yan makaranta har da bindiga mai feshin wuta, duk da sunan Spaceballs a jiki.

An sanar da kashi na biyu zai zo a 2027, Moranis zai dawo, shi kuma Brooks haihuwar 1926 ne, ku lissafa. John Candy dai, wanda ya fito rabi mutum rabi kare, ya rasu tun 1994.

Bidiyon nan aro na yi a wurin wani dattijo maƙwabcinmu. Bismillah. Kai! Wanda ya kalla na ƙarshe bai mayar da shi farko ba, a shagon unguwarmu da sai ya sha faɗa. Ku ji ƙarar da yake yi. Hanif, cire hannunka daga gilashin, wannan ba a shafa shi. Na'am, Maman Hanif? Gobe in sha Allah, da rigar zan dawo.